Shafukan da Na Bari Babu Rubutu

Ba don a tausaya min nake rubuta wannan ba. Ciwon ƙodar da ke jikina mutane da yawa na ɗauke da irinsa, wasu ma nasu ya fi nawa muni, kuma sun ɗauke shi da mutuncinsu. Abin da nake son faɗa shi ne abin da na aikata a cikin ciwon, ni da ake nunawa a ce ga mai amana.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ake kawo wa ajiya. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli da 'yar takarda mai sunan mai shi. Ina ɗan shekara 10 mahaifiyarmu ta kwanta rashin lafiya, gidan babu ko anini. Na san abin da ke cikin akwatin, na kuma ga mahaifina ya zauna a kan gadon nan ya yi tagumi har rana ta yi tsaka. Daga nan ya tashi ya tura kekensa ya fita, ya dawo a ƙasa da magani a hannu. Bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da wannan na girma.

Na yi karatun lissafin kuɗi, na zama akanta. A wurin aiki an san ni da taurin kai a kan takarda, har wasu ba sa son fayil ɗinsu ya biyo ta teburina. Shi ya sa da yayana ya rasu a haɗarin mota ya bar mata da 'ya'ya huɗu, dangi ba su yi dogon zama ba, aka ce ni zan riƙe gadon yaran. Na buɗe musu asusu daban, na sayi littafi mai baƙin bango. Shekara bakwai duk abin da ya shiga ko ya fita yana cikin littafin nan, da kwanan wata da dalili. A lokacin in na ji labarin wanda ya ci dukiyar marayu, cewa nake wannan ba mutum ba ne. Ina faɗa da ƙarfi, ina jin daɗin faɗar.

Hawan jini ne ya fara. An gaya min tun da wuri, aka ba ni magani, ina sha in na tuna. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma ƙoda ba ta kuka da wuri, sai ta kusa ƙarewa take magana. Ina da shekara 46 takalmina ya daina shiga ƙafata da yamma, fuskata na kumbura da safe, bakina na ɗanɗanon ƙarfe. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, likita ya juyo da takardar ta fuskance ni, ya ɗora bakin biro a kan wata lamba. Ya ce ma'aunin tacewar ƙodar mai lafiya yakan kai 90 ko fiye, in ya faɗo ƙasa da 15 an shiga mataki na biyar, na ƙarshe. Nawa bai kai goma ba. Ya ce hanya biyu ce ta rage: wankin ƙoda har iyakar rayuwa, ko dashe.

Na ce masa, "Likita, komai na Allah ne." Na faɗa cikin natsuwa har shi kansa ya yaba min. Na ɗauka haka zuciyata take.

Don wankin, aka fara sa min roba a wuya, daga baya aka yi min ƙaramin aiki a hannun hagu aka haɗa jijiyoyin jini biyu domin wurin ya yi ƙarfin ɗaukar allura. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana tsuma kamar cikin kyanwa. Aka ce in riƙa taɓawa kullum, ranar da na ji shiru in garzayo asibiti. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, allura biyu masu kauri, jinina na fita ta wata roba yana zagaya na'ura yana dawowa ta wata. Ana auna nauyinka kafin ka hau, a auna bayan ka sauka, bambancin shi ne ruwan da jikinka ya kasa fitarwa. Ruwan sha ma sai da awo. Na kai matsayin da nake kallon yarana suna ɗaga kofi suna kwankwaɗa in ji haushinsu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni wani dattijo ne da gadonsa ke kusa da nawa. Mai barkwanci ne, yana kiran na'urar amaryarsa, yana cewa ita kaɗai ce ke shan jininsa ya gode mata. Wata biyar muna zama tare. Ranar wata Litinin na tarar an shimfiɗa sabon zanin gado, wani saurayi na kwance a wurin. Na tambayi nas, ta ce daren Lahadi ruwa ya taru masa a huhu, kafin a iso da shi rai ya yi halinsa. Ta ƙara da cewa tazarar ƙarshen mako ita ce ta fi haɗari ga masu wanki, don haka in kula da abin da nake sha. Nasiha take min. Ni kuwa abin da na ji shi ne: kowace Lahadi tana iya zama taka.

Daga ranar barci ya ƙaurace min. Na koma kwana a zaune, don in na miƙe sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Sai in ɗora yatsa a hannuna in ji ko yana tsuma, in cire, in sake ɗorawa. Ina sauraron numfashina kamar mai gadin ƙofa. Na sha jin wa'azin mutuwa, na sha raka gawa, na sha cewa kowa ranarsa yake jira. Ashe duk mutuwar wasu nake magana a kai.

Ga abin da ban sani ba sai da na shiga: tsoron mutuwa ba ya zuwa maka da sunansa. Da zai zo ya ce ni ne tsoro, ka ci amana, da na kore shi. Zuwa yake da muryar hankali. Ya ce kana da 'ya'ya ƙanana, in ka mutu wa zai riƙe su? Ya ce su kansu marayun nan, wa ke kula da su in ba kai ba? Ranka ai maslaharsu ce. Ya ce rance ne kawai.

Wankin ƙoda rami ne da ba ya cika. Ajiyata ta ƙare, na sayar da mota, aiki ya gagara sai rabi-rabi. Ranar da na fara taɓa asusun yaran, na buɗe littafin na rubuta da kyakkyawan rubutu: rance, za a mayar ƙarshen wata. Na biyu ma na rubuta. Na uku na ce zan rubuta in na dawo daga asibiti. Ban rubuta ba. Daga nan na ɗauke littafin daga kan tebur na sa shi a ƙasan akwatin kaya, na daina bi ta wajen. Aya ta 10 a cikin Suratun Nisa'i, wadda ke cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke cusa wa cikinsu, na haddace ta tun ina yaro. In liman ya biyo ta kanta sai in tsaya a kan kalmar zalunci, in ce ni ai ba da zalunci nake ci ba, larura ce. Akanta ne ni, na iya nemo wa lamba gidan zama.

Har wani dillali na saurara, wanda ya same ni a harabar asibiti ya ce yana da mutanen da talauci ya isa, a shirye suke su ba da ƙoda in an biya. Na san haramun ne, na san doka ta hana, likitocin dashe na duniya ma sun yi taro a birnin Istanbul a 2008 sun yi tir da cinikin sassan jikin mutum. Ban kore shi ba. Na karɓi lambarsa, na kira shi sau biyu. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne, kuɗin ne ba su kai ba. Wannan ma ina so a sani.

Sai na juya kan dashe ta hanyar dangi. Rukunin jinina O ne, kuma galibi mai O daga mai O yake karɓa. Matata ce ta fara miƙa kanta ba tare da na roƙa ba, aka gwada, nata A ne. Ta yi kuka kamar ita aka yi wa laifi. 'Ya'yana duk ƙanana. Sai wata rana babban ɗan yayana, mai shekara 19, ya dawo daga ba da gudummawar jini a makarantarsu yana nuna wa ƙannensa katin da aka ba shi. Na karɓa na duba. O.

A nan ne alƙalamina ke nauyi.

Yaron nan a hannuna ya tashi. Baffa yake ce min, amma matsayin uba ya ba ni. Shi ke kai ni asibiti, ya zauna a benci awa huɗu da littafinsa, ya riƙo ni in na fito ina jiri. Daga ranar katin nan na daina ganinsa a matsayin yaro. In ya sunkuya zai ɗaura min takalmi, bayansa nake kallo, daidai inda ƙoda take. Na fara yi masa kyauta ba dalili. Na fara ba shi labarin mahaifinsa, yadda muke son juna, yadda da yana raye da bai bari na kwana da wannan ciwo ba. Kowace magana da awonta, kamar mai ɗana tarko.

Na karanta komai a kan dashe, na zaɓi abin da zan gaya masa. Na ce masa tun 1954 aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye, kuma wanda ya bayar ya rayu fiye da shekara 50 bayan haka. Gaskiya ne. Na ce masa mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, mafi yawan masu bayarwa haka suke. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba da ƙoda sadaka ce babba ga wanda ya yi da son ransa. Abin da ban gaya masa ba: babban aiki ne da ake sa mutum barci a yanka shi, akwai makonni na jinya, akwai bibiyar likita har tsawon rai, kuma hawan jinin da ya kashe nawa ƙodojin yana bin danginmu. Na ce kamar cire haƙori ne. Na ce kada ya gaya wa mahaifiyarsa tukuna, mata ba su da juriya.

Da na ga yana jan ƙafa, sai na fito da makami na ƙarshe. Na ce, "Ɗana, shekara nawa ina biya maka makaranta? Na taɓa goranta maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baffa." Kuɗin mahaifinsa ne nake biya da su. Kuɗin da a daidai lokacin nake cinye ragowarsu.

Ya amince. Aka yi gwaje-gwaje. Akwai ƙa'ida a harkar dashe cewa sai an zauna da mai bayarwa shi kaɗai, ba marar lafiya ba dangi, a tabbatar ba tilasta shi aka yi ba, kuma yana da ikon janyewa har ranar aiki. Suka shiga da shi, suka daɗe. Bayan kwana biyu likita ya kira ni ya ce yaron bai dace da bayarwa ba. Na ce me ya samu ƙodarsa? Ya ce bayanin lafiyar wani ba nawa ba ne. Ya faɗa yana kallon idona, ba fushi ba murmushi.

Na gane. Kuma maimakon kunya, abin da ya taso min wuta ce. A hanyar gida na kira shi butulu. Na ce ya zaɓi ya ga gawata. Na ce jinin yayana ba ya jikinsa. Yana tuƙi hawaye na zuba a kan rigarsa, bai ce uffan ba. Wata uku ban amsa gaisuwarsa ba. Kuɗin makarantarsa na zangon nan na ƙi biya, na ce babu, ya zauna a gida. Duk da haka ranar wanki da asuba sai in tarar da shi a ƙofar gida yana jira.

Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na daɗe ina fakewa da wannan karin magana. Amma wanda ya kama takobi hannunsa yake yankewa. Ni ba takobi na kama ba, wuyan yaron da ya shigo ruwan don ya cece ni na kama.

Ban farka a rana ɗaya ba. An taɓa samun ranar da jinina ya faɗi ina kan na'ura, na suma, na farfaɗo na ga fuskoki a kaina. Da labari ne da sai in ce a nan na tuba. Ban tuba ba, tsorona ne ma ya ninka.

Wani malami ne, abokin mahaifina, ya zo duba ni. Tsoho ne sosai, sai an riƙe shi. Na ga dama ta samu in karɓi fatawar da za ta kwantar min da hankali, sai na kawo zancen a nannaɗe, kamar na wani. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba an yi wa Ammaru ɗan Yasir rangwame ba?" Kowa ya san ƙissar: mushirikan Makka sun kashe iyayensa, Yasir da Sumayya, suka gana masa azaba har ya furta abin da suke so, ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuka, aka saukar da aya ta 106 a Suratun Nahli cewa babu laifi ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Na ce to in har kalmar kafirci ta halatta don tsira da rai, ina ga abin da bai kai ta ba?

Malam ya yi shiru yana jan carbinsa. Sannan ya ce, "Ɗana, Ammaru harshensa ya bayar. Nasa ne. Bai miƙa musu Bilalu ba." Ya ce malaman fiƙihu suna da ƙa'ida, larura tana halatta abin da aka hana, amma ba ta soke haƙƙin wani. Wanda yunwa za ta kashe ya ci abin wani, zai biya. Wanda aka ɗora wa takobi aka ce ya kashe wani ko a kashe shi, ba shi da izini, don ransa bai fi na wancan tsada ba. Bai tambaye ni wane ne mai matsalar ba. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka rubuta wasiyya? Mai irin ciwonka bai kamata ya kwana babu ita ba."

Na ji haushin maganar. Amma daren Lahadin da ya biyo baya numfashi ya yi min wuya, na tabbata ba zan ga safiya ba, sai na jawo takarda. Wasiyya tana farawa da bashi. Na rubuta na mutum biyu, uku, sai na zo kan marayu, biro ya tsaya, don ban san adadin ba. Ni, akanta. Na ja jiki na buɗe akwatin na ciro littafin. Shekara bakwai na rubutu tsaf, layi bayan layi, sai rance biyu, sai fari fat. Na yi ta buɗa shafukan da babu komai. Na tuna in na mutu a daren nan yaron da na kira butulu shi zai buɗe littafin nan, shi zai je banki ya tarar da abin da ya rage.

Na kwana ina haɗa lissafi daga saƙonnin banki da ke wayata. Kafin kiran sallar asuba na cike shafi shida. Fiye da rabin gadon ya tafi.

Bayan kwana biyu na tara su: matar yayana, yaron, matata, da ƙanin mahaifinmu a matsayin shaida. Na ajiye littafin a tsakiya na karanta da bakina. Na faɗi maganar ƙodar ma, wadda uwar ba ta taɓa ji ba. Ta dubi ɗanta, ta dube ni. Ta ce, "Kuɗi dai kuɗi ne, Malam. Amma ɗana? A bayan idona?" Ta tashi ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba ta ce ta yafe ba, kuma har yau ba ta faɗa ba. Muna gaisawa. Ban ga laifinta ba.

Yaron ya tsaya bayan kowa ya watse. Na ce masa ya yafe min. Ya daɗe yana wasa da makullin hannunsa, sannan ya ce, "Baffa, ni fa ba aikin na ji tsoro ba. Ranar da ka ce kamar cire haƙori ne, na riga na karanta komai a waya. Sai na ga ƙarya kake min, na rasa dalili. Da ka ce min kawai tsoro kake ji, ina jin da na ba ka."

Ban san ko da gaske da ya bayar ba, shi ma wataƙila bai sani ba. Daga baya ya sake kawo maganar da kansa, na ce a'a, ba kuma don na zama jarumi ba. Na san duk abin da ya ba ni yanzu akwai ragowar tarkona a ciki, ba zan iya rarrabe son ransa da nauyin da na ɗora masa ba.

Na sayar da gidana muka koma haya. Na mayar da kashi biyu cikin uku, ragowar ina biya kaɗan-kaɗan daga abin da nake samu na duba wa mutane lissafi a gida. Riƙon gadon ya koma hannun uwarsu, da sa hannun mutum biyu. Yaron ya koma makaranta, ya yi asarar shekara guda saboda ni, bana yake gamawa.

Shekarata 51 yanzu, shekara biyar ke nan a kan na'ura. Wani makon sau biyu nake samun zuwa maimakon uku, in hali bai yi ba. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Saubanu, inda aka fassara rauni da son duniya da ƙin mutuwa. Da can in na ji shi wasu mutane nake hangowa. Yanzu na daina ɗaga murya in an kawo labarin wanda ya ci amana. Ban ce ya yi daidai ba. Nakan dai tambayi kaina wace Lahadi ce ta same shi.

Tsoron bai tafi ba, kada wani ya ɗauka ya tafi. Jiya ma na farka ƙarfe biyu na dare na ɗora yatsa a hannuna, na ji yana tsuma, na cire, na sake ɗorawa. Muryar nan ma tana dawowa, da hujjojinta masu kyau. Bambancin kawai yanzu na san ta, kuma in ta fara nakan tashi matata in ce mata tsoro nake ji. Sai ta kunna fitila ta zauna.

Littafin yana kan tebur, a buɗe. Ranar biyar ga wata nake tura abin da ya samu, in rubuta, in ɗauki hoton shafin in aika wa uwar yaran. Ba ta amsawa da komai sai kalma biyu: na gani. Gobe Litinin, ina da wanki ƙarfe bakwai.